Duba Mayaƙa a Masarautar Kano

Duba mayaƙa al'ada ce ta mulki da tsaro a masarautar Kano, wadda ta hanyarta sarki yake ganin dawaki da makamai da mazajen da kowane hakimi ko mai sarauta ya tanada, domin ya tabbatar rundunar da ake gaya masa yana da ita tana nan, kuma za ta iya fita idan an buga tambari. Ana yin wannan dubawa a sansani kafin a tashi yaƙi, haka kuma a lokutan Sallah, sa'ad da masu sarauta suke wucewa da jama'arsu a gaban sarki a cikin birni. Yaƙin masarauta ya ƙare a 1903, amma siffar dubawar ta saura a Hawan Sallah, musamman Hawan Daushe, inda har yau kowane hakimi yake zuwa da ayarinsa ya yi jafi a Ƙofar Kudu.

Asali

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kiyaye sunayen sarakunan da suka shigo da sababbin kayan yaƙi. Ya ce Kanajeji ɗan Yaji (1390–1410) shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan asarar mazaje da aka yi a yaƙi da Umbutawa. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya fara fita da dawakin zage a yaƙinsa da Katsina, kuma a zamaninsa ne aka fara Sallar Idi a Shadakoko. Kutumbi (1623–1648) yakan fita yaƙi ko Sallah da dawakin zage 100 a bayansa. A zamanin Kumbari (1731–1743) aka shigo da garkuwa da bindigogi daga ƙasar Nupe, sannan Babba Zaki (1768–1776) ya zama sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya ƙara wa yaƙi tsada. Mai baka da kwari yana iya shirya kansa a gidansa. Amma sulke kaya ne da ake shigowa da shi ta hanyar Sahara, ingarman da zai ɗauki lifidi kuwa sai an ciyar da shi shekara zagaye, ko an yi yaƙi ko ba a yi ba. Da yake sarki ne ke raba irin waɗannan kaya ga bayinsa da barorinsa, kuma shi ke ba hakimai garuruwan da za su ci don su riƙe dawaki, dole ya nemi hanyar sanin ko abin da ya bayar yana nan.

Akwai kuma tushe na addini. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanya duba runduna cikin wajiban amirin yaƙi. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta cewa amiri ya binciki dawakin da za a fita da su, ya hana fita da ramamme ko tsoho ko mai rauni. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Kano, mai doki yana samun kaso uku na ganima, biyu don dokin ɗaya don kansa, mai tafiya a ƙasa kuwa kaso ɗaya, bayan an fitar da humusi. Wannan hukunci kaɗai ya isa ya sa a ƙidaya wanda ya zo a kan doki da wanda ya zo a ƙafa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Rumfa, ya rubuta masa risala kan wajiban sarakuna, a cikinta akwai babi kan tsara masarauta da babi kan yin hattara a gida da tafiya. Bayan jihadi ma, a Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami don jagorantar sababbin masu mulki.

Yadda rundunar take

Kano ba ta ajiye babbar runduna ta dindindin da ke zaune a bariki ba. Abin da ake da shi a kullum shi ne bayin sarki da dogarai da 'yan bindiga da barade na gidajen masu sarauta. Sauran jama'a manoma ne da masu sana'a, sai an yi gayyar yaƙi su fito. A ƙarni na 19 yawancin hakimai a cikin birni suke zaune, suna mulkin garuruwansu da ke warwatse ta hannun jakadu. Idan sarki ya yi niyyar fita, saƙo yakan sauka daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa jakada, daga jakada zuwa dagaci.

Manyan masu sarauta suna da gurbinsu a fagen fama. Madaki shi ne jagoran mahaya, Sarkin Dawaki Mai Tuta shi ke tare da tuta, Sarkin Bai kuwa shi ke tsare bayan runduna. Waɗannan uku tare da Makama su ne masu zaɓen sarki tun zamanin Fulani, abin da ke nuna yadda sarauta da yaƙi suke a cakuɗe. A cikin gida kuma akwai manyan bayin sarki: Shamaki, wanda barga ke hannunsa, da Ɗan Rimi da Sallama, sannan masu kula da sassa irin su Maja Sirdi mai kula da sirada da kayan doki, da Sarkin Dogarai, da shugaban 'yan lifidi. Masanin tarihi Sean Stilwell ya nuna a littafinsa na 2004 yadda waɗannan bayi suka riƙe bindigogi da albarushi da rumbunan fada, har suka zama ƙarfin da sarki ke dogara da shi idan hakimai suka yi masa taurin kai.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 zamanin Sarki Usman, ya ƙiyasta cewa sarki na iya tara mahaya 7,000 da dakarun ƙasa fiye da 20,000. Ƙiyasi ne na baƙo, daga abin da aka gaya masa, amma ya nuna girman aikin da ke gaban duk wanda zai tantance irin wannan taro.

Shirin kafin fita

Lokacin yaƙi shi ne rani. Da damina hanyoyi sun lalace, koguna sun cika, mazaje suna gona, ga cututtukan dabbobi. Saboda haka shiri yakan kankama ne da kaka, bayan an girbe gero da dawa, an tara harawa.

Doki ne farkon abin lura, domin shi ya fi komai tsada kuma shi ya fi saurin tona asirin mai shi. Takobi mai tsatsa ana iya wasa shi a dare ɗaya, dokin da aka bari da yunwa wata uku kuwa ba ya murmurewa a mako guda. Masu barga sukan ciyar da shi dawa da dusa da harawa, su ba shi kanwa, su gyara masa kofato, su lura da bayansa kada sirdi ya yi masa miki. Sai kuma horo: dokin yaƙi dole ya saba da ƙarar tambari da kakaki da bindiga, ya iya sukuwa a jere da wasu, ya kuma tsaya cak idan aka ja linzami. Manyan dawaki ana samo su daga Barno da Azbin, ƙananan ƙuru na gida kuma sukan yi aikin saƙo da sintiri. Kano tana sayar da dawaki zuwa kudu, inda ƙudan tsando ke hana su daɗewa, don haka hakimin da ya shiga matsi yana da kasuwa a buɗe, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa sarki yake son ganin dawakin da idonsa.

Bayan doki sai kayansa: sirdi da zubka da jalala, linzami da ragama da kamazuru, likkafa da majayi da ƙaimi. Aikin dukawa ne da maƙera da maɗinka, kuma sunayen unguwannin birni irin su Dukawa da Lokon Maƙera da Soron Ɗinki suna tunatar da inda waɗannan sana'o'i suka zauna. Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa, ita ce matattarar kayan doki tun da can har yau. Majayi ɗaya da ya ruɓe yana iya kayar da barde a tsakiyar sukuwa, shi ya sa ƙananan abubuwa irin wannan suke cin lokacin masu shiri fiye da adon da 'yan kallo ke gani.

Lifidi yana da nasa wahalar. Riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa, tana tare kibiya. Amma tana da nauyi da zafi, idan ta jiƙe ta ƙara nauyi, idan ta daɗe a ajiye gara da ɓera su ɓata ta, kuma abokan gaba sun san wuta na kama ta, sukan harbo kibiya mai wuta. Ɗan lifidi ba ya iya hawa shi kaɗai, sai an ɗora shi, idan ya faɗi kuma sai an tashe shi. Kenan kowane ɗan lifidi yana tafe da mutanen da ke yi masa hidima, su ma dole a lissafa su a cikin guzuri. Sulke kuwa tsatsa ce abokiyar gabarsa, sai an goge an shafe shi, an gyara zoben da ya ɓalle.

Dakarun ƙasa su ne mafi yawa, kuma su ne aka fi mantawa da su a labari. 'Yan baka sukan sabunta tsirkiya, su cika kwari, su dafa dafi da ƙwanƙwani su shafa wa kibau. Masu mashi da takobi da garkuwa sukan nemi maƙera. 'Yan bindiga suna jiran albarushi da harsashi daga fada, domin sarki ba ya sakin wannan kaya a hannun kowa. Guzuri kuwa yawanci kowa da nasa yake fitowa, na 'yan kwanaki, sauran a samu a hanya. Wannan ne ya sa runduna ba ta iya daɗewa a waje, idan kewaye gari ya yi tsawo sai mutane su fara sulalewa gida. Malamai su ma suna da aikinsu, na addu'a da zaɓen ranar fita, kuma mayaƙa da yawa ba sa ganin shiri ya cika sai da laya.

Ganuwa

Shirin tsaro bai tsaya kan mutum da doki ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Gijimasu (1095–1134), aka faɗaɗa a zamanin Rumfa da na Muhammadu Nazaki (1618–1623), ginin ƙasa ce, kowace damina ruwa yana cin ta. A da, bayan ɗaukewar ruwa akan raba gyaranta ga masu sarauta da jama'arsu, a yi ta da gayya, a yashe ramin da ke kewaye da ita. A wancan zamani kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa mai rufe ta da dare. Irin wannan rabo yana sa a san wanda ya yi sakaci, domin inda ya zube yana da mai shi.

Inda ake dubawa

Wuri na farko shi ne sansani a wajen birni, inda ayari-ayari suke haɗuwa kafin a tashi. Fanisau, arewa da birni, ita ce ta fi shahara. Ibrahim Dabo (1819–1846) ya mai da ita ribaɗi a lokacin da yake fama da tawayen Ɗan Tunku, kuma can ne Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824, ya same shi cikin shirin yaƙi. Kwanakin da ake yi a sansani ana jiran na nesa su iso su ne damar da sarki yake da ita ta ganin wanda ya zo, da abin da ya zo da shi, da wanda ya yi jinkiri.

Wuri na biyu shi ne hawan Sallah. Masu sarauta suna fitowa bisa jerin darajarsu, kowa da 'yan lifidinsa da 'yan sulkensa da zagagensa da makaɗansa. Jafi, wato sukuwar da mahaya ke yi su nufo sarki a guje, su ja linzami dab da shi, su ɗaga hannu ko makami, gaisuwa ce da mubaya'a, amma kuma jarrabawa ce a bainar jama'a. A cikin ɗan lokaci kaɗan ake ganin lafiyar doki, da horonsa, da ƙarfin kayansa, da gwanintar mahayi, da ko ayarin ya saba tafiya tare. Ba a rubuta sakamako a takarda, sai dai birni duka ya gani, maroƙa kuma ba sa ɓoye abin da suka gani. Sarki yana da ikon ƙara wa mai sarauta garuruwa ko kyautar doki da riga, yana kuma da ikon tuɓe shi.

Sarkin Kano shi ma akwai mai duba shi. Sarkin Musulmi yakan kira sarakuna su kawo rundunarsu don yaƙin Gobir ko Kabi, kuma yadda mutum ya yi a can yana iya sauya makomarsa. Jarumtakar da Tukur ɗan Sarki Bello ya nuna a yaƙin Argungu a farkon shekarun 1890 tana cikin dalilan da suka sa Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa shi sarautar Kano a 1893, naɗin da ya haifar da yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa.

Masana ba su haɗu a kan tsufan wannan hawa ba. Ruwayar fada da ta jama'a tana kai shi ga zamanin Rumfa, tana cewa asalinsa faretin nuna shirin yaƙi ne. Wasu masu bincike, irin su Andrew Apter, sun nuna cewa babban taron da ake kira daba, wanda ke haɗa sarakuna da yawa a fili ɗaya, Turawa ne suka kawo tsarinsa da sunansa daga Indiya. Maganganun biyu suna iya zama daidai a tare: hawan Sallah ya riga Turawa da ɗaruruwan shekaru, daba ta gwamna kuwa an ɗora ta ne a kansa.

Abin da 1903 ta nuna

Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu (1894–1903), mayaƙi ne da ya hau sarauta da takobi, ya kuma yi fama da Ningawa da Damagaram. Ya ƙara yawan 'yan bindiga, ya gyara ganuwa sosai, musamman bayan da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Oktoba 1902 ya gudo Kano. Lugard da kansa ya rubuta cewa ganuwar ta kai mil 11 a kewaye, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kusan ƙafa 40. A ma'aunin da aka saba da shi, Kano a shirye take.

Amma a farkon Janairu 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mahaya kimanin 2,000, ya bar tsaron birni a hannun manyan bayinsa, cikinsu har da Sarkin Shanu. Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja kimanin 700, da igwa 4 da bindigar Maxim 4. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso. Ganuwar kanta ta jure igwa, ƙofar da suka fara gwadawa ma ta gagare su saboda yadda aka gina ta a lanƙwashe, sai suka koma wajen Ƙofar Kabuga suka fasa. Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. A ƙarshen watan, a kusa da Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa kan ƙaramin ayarin soja da bai kai mutum 50 ba, waɗanda suka tsaya a murabba'i suna harbi. Waziri ya yi shahada a wurin. Sukuwar da ake auna barde da ita a gaban sarki ita ce ta kai su bakin bindiga mai harbi a jere. Dubawar gargajiya tana tantance ko an cika ma'aunin da aka gada, amma ba ta da hanyar tambayar ko ma'aunin ya dace da abokin gaba na yanzu.

Bayan zuwan Turawa

Lugard ya naɗa Wambai Abbas sarki a Afrilu 1903, aka hana masarauta yaƙi da ajiye runduna. Dogarai suka koma aikin 'yan sanda na En'e, daga baya aka kafa 'yan doka. Wajen 1908 aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, sai Sallah ta zama lokacin da suke shigowa birni da dagatansu da dawakinsu, abin da ya ƙara wa hawan nauyi a matsayin shaidar biyayya. Turawa kuma suka mai da shi nasu abin nuni: an yi babbar daba a Kano ranar 1 ga Janairu 1913 a gaban Lugard, an yi wata a 1925 don Yariman Wales, sannan ta Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth.

Kwatanci da wasu wurare

Matsalar da sarakunan Kano suka fuskanta, wato mai sarauta ya ci gari amma ya kasa kawo dawakin da ake tsammani, ta dami masarautu da yawa. A daular Abbasiyya akwai jami'i na musamman mai duba soja kafin a biya su. A Indiya, Sarki Alauddin Khalji ya sa a riƙa yi wa dawakin soja tambarin wuta, a kuma rubuta kamannin kowane soja, don kada a kawo dokin aro ranar dubawa, kuma Akbar ya farfaɗo da wannan tsari a ƙarni na 16. Kano ta fi dogara da sanayya da idon jama'a, domin a birnin da aka san kili da akawal da danda na kowane babban gida, dokin aro ba ya ɓoyuwa.

Tsarin tabbatar da inganci na zamani ma daga aikin soja ya tsiro. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar MIL-Q-9858 a 1959 don masu sayar mata da kaya, Birtaniya ta fitar da BS 5750 a 1979, daga nan aka samo ISO 9000 a 1987. Babban bambancinsa da na gargajiya shi ne rubutu: ana neman a ga takardar da ta nuna wa ya duba, yaushe, me ya samu, kuma me aka gyara. Rundunonin sojan Najeriya da ke Kano a yau, irin su Birged ta 3 da ke Barikin Bukavu ƙarƙashin Runduna ta 1 ta Kaduna, a kan irin wannan tsari na rubutu da aka gada daga sojan Birtaniya suke.

A yau

Hawan Sallah a Kano yana farawa da hawan Idi, washegari Hawan Daushe, sai Hawan Nasarawa, a rufe da Hawan Ɗorayi ko Hawan Fanisau gwargwadon Sallar da ake ciki. Makonni kafin Sallah gidajen hakimai sukan shiga gyaran dawaki da kaya, masu ɗinkin kayan doki a Kurmi su cika da aiki, fada kuma ta fitar da jerin yadda za a wuce. 'Yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga suna nan suna fita, ana kuma iya ganin tsofaffin makamai a gidan tarihi na Gidan Makama. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama, a taron da ta yi a Asunsiyon ta ƙasar Faraguwai. A wannan shekarar da kuma 2025, 'yan sanda sun hana hawan a wasu Sallolin saboda takaddamar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero.